Yadda za ka gane karin maganar soja a Turancin masu hulɗa da jama'a, mataki-mataki

Tambaya ɗaya ce ke ta dawo min daga masu bautar ƙasa da aka tura sashen hulɗa da jama'a, da ɗaliban aikin jarida, da wasu ƙannenmu da suka samu aiki a ƙungiyoyin agaji: wai me ya sa in aka shiga mitin sai ka ji kamar a bariki kake? Oga ya ce a buɗe "war room", wata ta ce lokacin "damage control" ne, wani can ƙarshen tebur ya ce shi dai a yi "blitz" kawai, kai kuma kana ta gyaɗa kai kamar ƙadangare alhali ba ka san me aka yanke ba, sai an fito ka ja abokin aikinka gefe kana tambayarsa a hankali.

Ba laifinka ba ne, ba a koya mana wannan Turancin a makaranta ba. Kuma mu ma ai muna da namu, ba ga sojojin baka nan ba da ke kare iyayen gidansu a rediyo kullum dare, ga yaƙin neman zaɓe, ga kakaki da muke kiran mai magana da yawun hukuma. To haka Turawa ma suka kwaso kalmomin fagen fama suka zuba a aikin ofis. Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne kalmomin nan na cikin ɗaki ne. Aikinka ka gane su, ka juya su zuwa aikin da za a yi, sannan ka hana su fita waje su shiga takardar da jama'a za su karanta. Ga yadda nake yi.

Kayan aiki da abin da za ka kashe

Ƙaramin littafi na aljihu ko wurin rubutu a wayarka. Ƙamus na Turanci zuwa Turanci, kuma na Cambridge da na Oxford na masu koyo da Merriam-Webster duk suna intanet kyauta, data kawai za ka ci, ita ma ba wani mai yawa ba tunda rubutu ne ba bidiyo ba. Sai Google News don ganin yadda jaridu ke amfani da magana. A ɓangaren Hausa in kana da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero to madalla, in babu, dattijo ɗaya mai jin Hausa sosai ya fi maka manhaja goma. Ba sai ka biya kuɗin wani kwas ba, gaskiya. Lokaci shi ne babban kuɗin, kamar minti 15 kan kowace magana a farko, daga baya abin zai zame maka jiki.

1. Kama maganar da jimlarta gaba ɗaya

Kar ka rubuta kalma ɗaya tilo. Rubuta duk jimlar, da wanda ya faɗa, da abin da ake tattaunawa lokacin da ya faɗa. Dalili kuwa kalma ɗaya tana iya zama abu uku. "Brief" a bakin oga na iya nufin takardar da kwastoma ya bayar ta abin da yake so a yi masa, yana iya nufin ka je ka sanar da shugaba abin da zai faɗa kafin ya shiga gaban 'yan jarida, sannan "debrief" shi ne zaman da ake yi bayan an gama taro a duba me ya yi kyau me ya lalace, kamar yadda ake zaunar da matuƙin jirgin yaƙi in ya dawo a ji abin da ya gani.

Gargaɗi: kar ka jefa maganar cikin manhajar fassara ka ɗauki abin da ta ba ka. Kalma-kalma take bi sau da yawa. "Bite the bullet" za ta iya ce maka ciji harsashi, alhali nufinsu a cije a daure a yi abin da ba a so tunda ba makawa, misali a fito a amsa laifi.

2. Tantance ko ta soja ce ko kama ce kawai

Wannan matakin gajere ne amma nan ake faɗawa rami. Akwai kalmomin da ke da kamar na yaƙi amma a ofis ba ruwansu da yaƙi. In aka ce ka kawo "collateral" ko "marketing collateral" ana nufin ƙasidu da fastoci da 'yan takardun da ake rabawa a taro. Amma "collateral damage" magana ce ta soja kan fararen hula da aka kashe ko dukiyar da aka lalata ba su aka nufa ba, a ofis kuma suna nufin wanda rikici ya shafa ba da laifinsa ba, kamar dilan da kasuwarsa ta mutu saboda abin kunyar da kamfani ya yi. "Bullet points" ɗige-ɗigen nan ne na jera bayani. Sai "flak" da "flack", sauti ɗaya. Ta farko daga Jamusanci take, bindigar harbo jirgin sama, shi ya sa "take flak" ke nufin shan suka da caccaka ta ko'ina. Ta biyun kuma sunan raini ne da 'yan jaridar Amurka ke kiran jami'in hulɗa da jama'a, wato kai. In ɗan jarida ya kira ka haka ba yabonka ya yi ba.

Hanyar tantancewa: buɗe ƙamus, in ka ga ma'ana ta farko ta soja ce ta biyu kuma ta kasuwanci ko siyasa, to ka kama ta, wuce mataki na gaba.

3. Nemo hoton da soja yake gani

Nan ne gishirin aikin. Kowace magana a cikinsu hoto ce, in ka ga hoton ba ka ƙara mantawa, kuma hoton ne zai gaya maka zafin abin da gaggawarsa. Ni na kasa su gida huɗu a littafina, kai ma ka yi haka.

Na shiri. "Campaign" asalinta fita filin daga na tsawon wani lokaci da manufa ɗaya, shi ya sa kamfe yake da ranar farawa da ranar gamawa, in babu su to ba kamfe ba ne, aikin yau da kullum ne. "Strategy" tunanin janar ne, ina za mu, me ya sa. "Tactics" kuma dabarun da ake yi a ƙasa, hira a rediyo, ziyarar fada, saƙo a WhatsApp. Sababbin shiga suna yawan cakuɗa biyun nan, a ce su kawo "strategy" sai su kawo jerin abubuwan da za a wallafa a Facebook, oga ya dawo musu da takarda. "Target audience" su ne mutanen da ake so saƙon ya isa gare su. "War room" ɗaki ne da ake tara masu yanke shawara da masu bibiyar labarai wuri ɗaya don a mayar da martani nan take. A siyasa abin ya yi suna ne da kamfen Bill Clinton na 1992, inda James Carville da mutanensa suka kafa irin wannan ɗaki a Little Rock, ƙa'idarsu kar a bar wani zargi ya kwana ba amsa. Har "deadline" ma da muke faɗa kullum, a kurkukun fursunonin yaƙi na Andersonville lokacin yaƙin basasar Amurka layi ne da in fursuna ya tsallaka a harbe shi. Yanzu kam ta zama lokacin rufe karɓar aiki kawai, ba mai jin tsoronta sai wanda edita ke jira.

Na kai farmaki. "Blitz" daga Jamusanci ne, Turawan Ingila suka laƙaba wa ruwan bama-baman da Jamus ta yi wa Landan da wasu biranensu daga Satumban 1940 zuwa Mayun 1941. Don haka "media blitz" na nufin a cika ko'ina da saƙo ɗaya cikin ɗan gajeren lokaci, rediyo, talabijin, jarida, allunan kan titi, duk a tare. "Charm offensive" zawarci ne, shugaba ya bi gidajen jarida da masu faɗa a ji yana fara'a yana kamun ƙafa saboda sunansa ya ɓaci. "Shot across the bow" daga jiragen ruwa ne, a harba igwa ta gaban jirgi ba don a same shi ba sai don ya tsaya, wato hannunka mai sanda, kamar wasiƙar lauya ta farko zuwa ga jarida. "Ambush interview" shi ne ɗan jarida ya yi wa oganka kwanton ɓauna a bakin mota da makirfo. "Guerrilla marketing" talla ce ta sari-ka-noƙe, kuɗi kaɗan, ba-zata mai yawa.

Gargaɗi a kan ta ƙarshen nan: a ranar 31 ga Janairun 2007 wasu 'yan alluna masu fitilu da aka maƙala a gadoji da gine-gine a Boston don tallar wani zanen barkwanci na Cartoon Network, 'yan sanda suka ɗauka bam ne, aka rufe hanyoyi gari ya tsaya. Ƙarshenta aka biya diyyar dala miliyan 2, shugaban tashar Jim Samples ya ajiye aiki. To ka yi tunanin ka ajiye wani akwati mai wayoyi a bakin kasuwa a Maiduguri ko Kano da sunan talla. In aka kawo wannan shawarar a mitin, tambayarka ta farko ita ce an nemi izinin hukuma?

Na kare kai. "Damage control" daga sojan ruwa ne, jirgi ya riga ya fashe ruwa na shiga, aikin shi ne toshe ɓaraka kar ya nutse. Ka lura da hoton da kyau, ba a cewa ba a huda jirgin ba. Mutane da yawa a nan suna ɗauka "damage control" na nufin musantawa, a'a. Misalin da ake koyarwa har gobe shi ne na Johnson & Johnson a 1982, lokacin da mutum 7 suka mutu a yankin Chicago bayan shan maganin ciwon kai na Tylenol da wani ya sa wa guba, kamfanin ya janye kwalabe kusan miliyan 31 daga kasuwa ya fito ya gaya wa mutane kar su sha, sannan ya dawo da murfin da in an taɓa za a gane. Wannan shi ne toshe ɓaraka. "Hold the line" kar kowa ya sauya magana daga abin da aka amince. "Close ranks" a haɗa kai baki ya zo ɗaya. "Under the radar" a yi abu cikin ruwan sanyi ba tare da an ankara ba. "On our radar" kuma muna sane da shi muna sa ido, amma fa sau da yawa in babba ya ce maka haka nufinsa ba yanzu ba.

Na ɓarnar cikin gida. "Loose cannon" igwa ce da ta kwance daga ɗaurinta a jirgin ruwa na da, tana gangarawa tana murƙushe nata mutanen, wato ma'aikaci ko shugaban da bakinsa ba linzami. "Friendly fire" naka ya harbe ka bisa kuskure. "Shoot yourself in the foot" ka yi wa kanka da kanka. Tony Hayward, shugaban kamfanin mai na BP, ya zama abin misali a 2010, bayan fashewar rijiyar mai a Tekun Meziko da ta kashe ma'aikata 11, ya fito yana cewa shi ma yana so ya koma rayuwarsa ta da, kafin shekarar ta ƙare ya bar kujerar. "Fall on your sword" shi ne mutum ya ɗauki laifin ya sauka don a tsira da sauran. In ka ji ana wannan maganar a mitin kuma ana kallon ɓangarenku, to ɗan'uwa ka fara tattara takardun da ke nuna wa ya ba da umarnin me.

4. Juya maganar zuwa aiki, da mutum, da lokaci, da kuɗi

Gane ma'ana rabin aiki ne. Karin maganar soja tana da wata illa, tana sa kowa ya ji kamar an yanke shawara alhali ba a yanke komai ba. An ce a yi "blitz", kowa ya ji daɗi an tashi, to gidajen rediyo nawa? Kwana nawa? Wa zai sa hannu a kuɗin?

Don haka a ƙarƙashin kowace magana ka rubuta tambaya huɗu: me za a yi, wa zai yi, zuwa yaushe, nawa zai ci. Misali a ce kuna da naira miliyan 5 na wata uku, in aka yi "blitz" ana iya cinye kuɗin cikin sati biyu sauran lokacin ku yi tsit, wannan zaɓi ne, wani lokacin daidai ne kamar in rigakafi za a yi na kwana huɗu, amma dole wanda ya furta kalmar ya san abin da ya saya ke nan. "War room" kuma na nufin mutane za su bar aikinsu na kullum, a raba musu dutin dare da rana, a tanadi data da janareto da abinci, kuma mafi muhimmanci a sa mutum ɗaya a ciki da ke da ikon amincewa da sanarwa nan take. Ɗakin da sai an jira oga ya tashi daga barci kafin a amsa zargi ba "war room" ba ne, ɗakin shan shayi ne.

Yadda za ka tambaya ba tare da ka ji kunya ba: kar ka ce ban gane ba. Ka ce ranka ya daɗe, don in tabbatar mun fahimci juna, ana nufin mu fitar da sanarwa yau kafin labaran ƙarfe 7 mu kuma kira gidajen rediyo uku? In haka ne zai ce eh, in ba haka ba zai gyara, kuma sau tari za ka ga shi ma a lokacin ne yake tunanin abin da yake nufi.

Gargaɗi: akwai kalmomin da in an faɗa sai ka tsaya ka ji da kyau. "Kill the story" (a hana labari fita) ko "neutralise" wani ɗan jarida (a rufe masa baki), in nufin shi ne a kira edita a nuna masa hujja cewa labarin ƙarya ne, babu laifi. In nufin a tura ambulan ko barazana ne, wannan ya fita daga aikin hulɗa da jama'a, kuma ranar da asiri ya tonu kai ƙaramin ma'aikaci za a nuna.

5. Auna zafin kalmar kafin ka taɓa ta

Wasu kalmomin sun huce, ba mai jin ƙaurin albarushi a jikinsu: "campaign", "strategy", "launch", "deadline". Waɗannan ka yi amfani da su ko'ina. Wasu da ɗumi-ɗuminsu, na mitin ne kawai: "war room", "blitz", "take flak", "damage control". Wasu kuma garwashi ne, saboda akwai mutanen da ke raye da aka kashe musu 'yan'uwa a ƙarƙashin kalmar: "collateral damage", "shock and awe" (ruwan wuta don razana abokan gaba), "boots on the ground" (tura sojojin ƙasa, a zahiri takalman soja a ƙasa), "ground zero" (daidai wurin da bam ya tashi). A littafinka ka sa wa kowace alama, ni kore da ruwan ɗorawa da ja nake yi.

Manyan kamfanoni ma sun ƙone hannu a nan. A Maris ɗin 2003, ana fara ruwan wuta a Bagadaza, Sony ya nemi a yi masa rajistar "shock and awe" a matsayin sunan kasuwanci don wasan bidiyo, da suka ta yi yawa ya janye. A Satumban 2013 lokacin da ake muhawarar ko Amurka za ta kai hari Siriya, mai kamfanin takalma Kenneth Cole ya yi wasa da "boots on the ground" a Twitter yana cewa kar a manta da sauran takalma irin su sandal, aka yi masa ca.

Mu kuma a nan abin ya fi kusa da jiki. Wanda ya san abin da ya faru a Rann a Janairun 2017, da jirgin yaƙi ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira, ko Tudun Biri a ƙaramar hukumar Igabi a Disamban 2023 da aka jefa wa masu Mauludi, ba zai ji "collateral damage" a matsayin ado na magana ba. Kuma kullum mutanenmu na jin "neutralised" a sanarwar rundunar soja, sun san me take nufi, wato an kashe. Saboda haka kalmar da ta huce a Landan tana iya zama da zafinta a Zamfara. Kar ka dogara da ƙamus a wannan matakin, ƙamus bai san inda kake ba. Sa maganar cikin alamar zance a Google News ka ƙara sunan Najeriya ko Nijar ka ga a wane irin labari take fitowa, in gawa ce ke biye da ita to ja ce.

6. In za ka mayar Hausa, fassara aikin, ka bar hoton

Wannan ya shafi masu rubuta jingil da sanarwar rediyo da masu yi wa baƙi tafinta a gaban masu unguwa. Na taɓa zama a wani taro a wani ƙauye, wata ƙungiya ta zo da shirin tallafa wa mata, baƙuwar ta ce matan garin ne "target" ɗinsu, yaron da ke tafinta ya ce mata ne muka sa a gaba, muka yi musu saiti. Wallahi sai da wurin ya yi tsit, mai gari ya gyara zama ya ce a sake faɗa masa me aka zo yi. Da ƙyar aka gyara. Abin da ya kamata ya ce shi ne mata ne muka fi so su amfana, shi ke nan.

Ga yadda nake mayar da wasu: "take flak" shan suka. "Stick to your guns" tsayawa kan bakanka. "Scorched earth" a fasa kowa ya rasa. "Pyrrhic victory", nasarar da asararta ta fi ribarta, kamar ka ci jarida a kotu amma duk ƙasa ta ji abin da kake ɓoyewa, garin neman gira an rasa ido ke nan. "Front line staff" ma'aikatan da ke haɗuwa da jama'a ido da ido. "Campaign" in na lafiya ne ko ilimi, gangamin wayar da kai.

Kalmar yaƙi kanta Hausa ta saba da ita, tun zamanin Yaƙi da Jahilci a Arewa, zuwa Yaƙi da Rashin Ɗa'a na 1984. Amma ka duba da wa ake yaƙin. Yaƙi da zazzaɓin cizon sauro ba wanda zai ji haushi. Yaƙi da bara ko yaƙi da talla a titi kuwa, iyayen yaran za su ji da su ake, kuma daga nan sun rufe kunne.

Gargaɗi: kar ka ɗauko karin maganar Hausa don kawai ta yi kama. "Friendly fire" kuskure ne, ba da gangan ba. In ka fassara da cewa da ɗan gari akan ci gari, ka zargi abokin aikinka da cin amana. Haka "close ranks", in ka ce mu rufa wa juna asiri ka amsa cewa akwai abin ɓoyewa.

7. Tace takarda kafin ta fita

Duk sanarwa, duk jawabin oga, duk saƙon da za a wallafa, kafin ka tura ka danna neman kalma a kwamfuta ka bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya: target, attack, fight, battle, enemy, weapon, capture, kill, hit. Duk inda ka samu ka tambayi kanka wa ke ɗaya gefen bindigar? In cuta ce ko talauci, ka bari. In kwastoma ne ko 'yan jarida ko mutanen gari ko ma'aikatan da ke yajin aiki, ka cire. Kamfanin da ya rubuta cewa zai "capture" kasuwar Arewa, a cikin ɗaki ba komai, a jarida kuma ya zama mai zuwa cin gari da yaƙi.

Abu na biyu da mutane ke mantawa: takardun cikin gida ma suna fita. Saƙon guruf ɗin WhatsApp na ofis, hoton allo ɗaya ya isa. In a ciki kun kira wata 'yar jarida "enemy" ko kun rubuta yadda za ku "ambush" wani ɗan majalisa, ranar da ya fita ba wanda zai tsaya jin cewa salon magana ne. Ni ƙa'idata ita ce na faɗa da baki a mitin in ya kama, amma a rubuce ina rubuta aikin da za a yi ne kawai. Kuma in zai yiwu ka ba wani da bai shiga mitin ɗin ba ya karanta, shi kunnensa bai saba ba, zai ji abin da kai ka daina ji.

8. Fara amfani da su da bakinka, a hankali

Bayan kamar wata ɗaya littafinka zai kai magana 30 ko fiye. Kar ka zo mitin ka zazzage su duka don a san ka iya, an fi gane sabon shiga ta haka. Ɗauki biyu ko uku daga masu kore da ruwan ɗorawa, ka faɗe su yadda suke ba tare da ka canza ko kalma ɗaya ba, domin karin magana ba ta son gyara, "bite the bullet" ce ba "chew the bullet" ba. Kuma ka san da wa kake magana, in abokan aikin daga Faransa ko Jamus suke ko 'yan'uwanmu na Nijar da Turancinsu na aiki ne, sau da yawa su ma ba su san maganar ba, gara ka faɗi abu kai tsaye.

Ɗaya kawai zan ce ka bari gaba ɗaya ko a mitin, "circle the wagons". Ana nufin a dunƙule a kare kai daga masu suka, amma hoton na Turawan da suka kutsa yammacin Amurka ne suna jera kekunan dokinsu da'ira, a yadda ake ba da labarin don kare kai daga 'yan asalin ƙasar, kuma akwai Amurkawa da yawa da ke jin zafinta yanzu. In kana aiki da ƙungiyar da ke da hedikwata can, ka ce "close ranks" ko kawai ka ce a daidaita magana kafin kowa ya amsa waya.